Baturen da Ya Dawo da Kan Kakanmu

A bakin ruwan Munda, a tsibirinmu, cikin masu jiran kwalekwale, akwai wani jami'in jakadancin Birtaniya. Rana ta dafa masa wuya, baƙar kwat ɗinsa ta jiƙe sharkaf, amma ya ƙi cirewa. Ina jin a garinsu haka ake zuwa jana'iza. Yana ɗauke da ƙaramin akwati. Duk mun san ƙoƙon kan kakanmu sarki ne a ciki, wanda aka sace aka kai wani gidan tarihi tun ba a haifi iyayenmu ba.

Ya zauna, ya ajiye akwatin tsakanin ƙafafunsa kamar mai tsaron jaka a tasha.

Tsoho Zinihite, babbanmu, ya dube shi. "Ɗana, a wajenku kusa da takalmi ake ajiye kan sarki?"

Ba da haƙuri sana'ar mutumin nan ce, wataƙila jibi ma wani tsibirin zai je ya bayar. Amma yau sai kawai ya miƙe, ya rungume akwatin a ƙirji.

Kwalekwalen ya makara. Ga benci, ga inuwa. Babu wanda ya ce masa ya zauna.