Salkar Baba da ruwan rijiyarmu

Ana sallame sallar asuba munka fita daga Wurno, ni da maigidana da jakinmu, sai wata maƙwabciya mai kai albasa kasuwar Goronyo. Kun san ni, ko gidan suna sai an ja ni. Amma saƙo ya zo cewa Yayana, wanda anka kai Goronyo malamin auduga tun ina amarya, ya kwanta ciwo, ba ci ba sha. Abu guda ya roƙa, ruwan rijiyar gidanmu wadda Baba ya gina.

A salkar Baba na zuba ruwan. Marigayi yana da doka a kanta. Da an gama kaka, kafin ɗari ya kama, sai ya tsiyaye ta sarai, ya hura mata iska ta kumbura, ya bi ɗinkinta da man shanu, ya rataye ta baki ƙasa a inuwa. Yakan ce ɗari ya fi rana cin fata. Ni kuwa ranar da munka gama yankan dawa naɗe ta na yi da sauran ruwa a ciki, na jefa bisa rumbu, na ce gobe. Ana gobe gobe har ɗari ya shiga ya fita. Da na sauko da ita ta bushe ƙarau kamar kilishi. Na jiƙa, na cika, ban ga ɗigo ba, na yi hamdala.

Hanyar ba laifi. Fadama ta yi kore shar da albasa, ga mutanen ƙauyuka da kwanduna a kai suna zuba marmara a hanyar mota, dogari tsaye kansu. Wata Bafillata ta dama mana fura ta anini biyu har munka rage. Muna tashi daga nan motar wani Nasara ta taho da ƙugi, jakinmu da bai taɓa gani ba ya ce ƙafa mi na ci ban ba ki ba. Maigida ya bi shi rawani na warwarewa, mu muna dariya. Dariyata ta ƙarshe ke nan a tafiyar.

Can da azahar maƙwabciyar ta ce, "Ke, jakinku zufa shika yi ko mi?"

Salka ce ta tsage daidai inda na naɗe ta. Munka liƙe da ƙaro, munka ɗaure da kaba, ta sake ɓullowa ta wani wuri. Na ɗauke ta na rungume kamar jinjiri, zanena ya jiƙe, ina tafiya ruwan gida na bin ƙafata. Da munka isa Rimawa da la'asar, abin da ya rage bai cika ludayi biyu ba.

Nan munka kwana gidan dangin maƙwabciyar. Sunka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ɗan taɓa na ture kwanon. Da safe maigida ya ce komawa Wurno a dawo kwana biyu ne, kuma ba mu san ko mai ciwo zai jira ba. Maƙwabciyar ta ce, "Ruwa ai ruwa ne, ƙara da na nan." Na juye ɗan namu a gora, na cike da na rijiyar Rimawa.

Da hantsi munka shiga Goronyo. Yaya ya rame, sai idanu. Matarsa ta tayar da shi ya jingina.

"Auta, kin taho? Ke da ƙofar gida ke yi wa nisa."

"Na taho, Yaya. Ga ruwanka."

Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa.

"An yashe rijiyar ne?"

"An yashe ta, Yaya."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce a miƙo mai salkar Baba. Ya shinshina ta, ya bi tsagar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ki riƙa shafa mata mai, Auta."

Bai ƙara maganar ruwa ba. Kwana biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta.

Bayan sadakar uku munka kamo hanyar gida. Ban tuna mi na gani ba a dawowa. Ina shiga gida na nufi rijiyar Baba, na ja guga na sha. Ruwanmu yana da ɗan ɗanɗanon kanwa a ƙarshen harshe, na Rimawa babu. Ni da nake sha kullum ban taɓa lura ba, shi da ya yi shekaru yana kewarsa ya sani tun kurɓar farko, ya kuma rufa mini asiri gaban matarsa.

To, ku da ke tambayata abin da na gano a tafiya, ga shi. In kaka ta wuce ku tsiyaye salkunanku, ku shafe su, kada ku ce gobe. Aikin bai kai tsawon dama fura ba. Tamu na kai wa baduku ya yi mata maho, na shafe ta da man shanu har cikin ɗinki. Tana nan rataye a zaure baki ƙasa, tana sheƙi, in an cika ta ba ta ɗigo ko kaɗan. Sai dai ba ni da wanda zan kai wa ruwa.