Abin da Ban Faɗa wa Hedimasta Ba

A watan da ya wuce muka rushe ɗakin marigayiya kakata. Ba don ya lalace ba. Yayyena ne suka ga gara a gina ɗakunan haya a wurin, tunda yanzu a Suleja ko akurkin kaji ka shafa wa siminti sai ka sami ma'aikacin Abuja ya kama. Muna fitar da tarkace na ci karo da wata tsohuwar tukunya a ƙarƙashin gado, an rufe bakinta da faifai. Ina ɗagawa warin daddawa da na tsohuwar takarda suka buge ni. A ciki akwai littafin rubutu irin na 'yan firamare, an naɗe shi da tsumma, gara ta ci gefensa. A bangonsa an zana akuya mai kunne ɗaya. Zanena ne. Na zauna a kan bulo ina ta kallonsa, har masu aiki suka ɗauka jiri ne ya ɗebe ni.

Mai karatu, ni ba mai zurfin ilimi ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, yanzu sana'ata shimfiɗa tayil. To amma akwai maganar da ta fi shekara talatin a maƙogwarona, yau nake so in fitar da ita.

Ina aji huɗu aka kawo mana sabuwar malama. Kirista ce, daga can ƙasar Filato, tana haya a gidan da ke bayan namu. Hausarta tana da ɗan gargada, muna dariya a ɓoye in ta yi magana. Kullum da safe in za ta wuce sai ta leƙo ta rusuna ta gai da kakata, ta ce, "Mama, an tashi lafiya?" Kaka kuma ta ce, "Lafiya lau, 'yata, a yi ta haƙuri da su."

Kafin zuwanta karatunmu hadda ce. Malam ya rubuta a allo, mu rera, wanda ya kuskure ya miƙa hannu a zuba masa bulala. A wannan fage ba wanda ya kamo ni. Tun daga aji ɗaya ni nake zuwa na ɗaya. Babana, wanda masinja ne a wani ofis a Abuja, yana fita tun duku-duku ya dawo a gajiye, ba abin da yake wanke masa zuciya kamar takardar sakamakona. Yakan ce, "Wannan ba zai ɗaukar wa kowa fayil ba. Shi za a ɗaukar wa."

Shekarar kuwa ba mu da littattafan aji, an ce suna hanya, har damina ta faɗi ba su iso ba. Sai wata ranar Litinin Malama ta shigo da wasu ƙananan littattafai guda huɗu a cikin leda. Nata ne na kanta. Duk wata dattijuwa ce ta rubuta su domin yara, kuma duk labarin wata akuya ce mai kunne ɗaya da ba ta jin magana. Malama ta liƙa hoton marubuciyar a jikin bango, wata tsohuwa mai tabarau da ɗankwali, ta ce wannan zangon gaba ɗaya baƙuwarmu ke nan, daga bakinta za mu koyi komai. Mu ba mu taɓa sanin mutum ne yake rubuta littafi ba. Mun ɗauka kamar Dutsen Zuma yake, haka aka tarar da shi.

Ga yadda take yi. Ta karanta mana shafi biyu ko uku, daidai inda labari ya yi daɗi sai ta rufe. Akuya ta shiga rumfa ta cinye damin harawa uku cikin goma sha biyu. To, kashi nawa ta ci, kashi nawa ta bari? Muka fita muka tsinto tsinke, muka ɗaura dami-dami, muka raba a ƙasa. Ranar na fara gane mene ne ɗaya bisa huɗu, abin da na shekara ina rerawa ban san kansa ba. Da akuya ta zo ƙetare rafi a cikin masaki, Malama ta sa aka kawo ruwa a baho, kowa ya jefa abin da ya samu, dutse, murfin kwalba, ɓawon gyaɗa, cokali, mu faɗi wanda zai nitse kafin a saka. Da akuya ta ɓata, muka tsaya a bakin filin makaranta bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasa tana ƙamshi, Zuma ya fito fes kamar an wanke shi, muka zana mata taswirar komawa gida: ga dutse, ga babbar hanya, ga garin Gauraka, ga gabas ga yamma. Turanci ma a jikin akuyar muka koye shi, daga ƙaho har kofato. Da mai akuya ya gaji ya ce zai gina mata garke, muka auna tsawo da faɗi da taku, muka zana gida-gida a takarda muka ƙirga.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin fiye da kowa. Ina dawowa gida nake zama kusa da kakata tana kirɓa daddawa, in kwashe duk abin da aka yi in faɗa mata. Takan tsokane ni ta ce, "Kai da malamarka za ku ɓata a kasuwa, masu tatsuniya da rana." Haka aka ce mana tun muna ƙanana, wanda ya yi tatsuniya da rana sai ya ɓata a kasuwa. Amma tana faɗa tana murmushi, gobe kuma ita ce za ta fara tambaya, "Yau me 'yar banzar akuyar nan ta yi?"

Matsalar ta fara ne a gwajin tsakiyar zango. Tambayoyin Malama ba na hadda ba ne. Sai ta ce, me ya sa? Yaya ka gane? Akwai wata yarinya a ajinmu, 'yar masu ginin tukwane, mai shiru-shiru, wadda a da ko ta goma ba ta zuwa. Ita ta san dalilin da ya sa tukunya take yawo a kan ruwa alhali curin yumɓu nitsewa yake, domin a gidansu ta gani. Ita ta zo ta ɗaya. Ni na zo na uku.

Na uku ba abin kunya ba ne, yanzu na sani. Amma a lokacin ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Da Baba ya ga takarda ya tambaye ni me ya faru, ban ce wata ta fi ni ba. Cewa na yi, "Ai ba a koya mana komai. Tatsuniya kawai take mana, da rana tsaka." Ya ce in kawo littafina ya gani. Na ce ba a ba mu abin rubutawa. Da ya fita masallaci na ɗauki littafin, mai cike da lissafi da taswira da sunayen Turanci, na cusa shi bayan jeren kwanukan kakata.

Baba ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ɗora duk begensa a kan karatun ɗansa, aka ce masa ana wasa da shi. Ya yi magana da wasu iyaye, ya nemi izinin rana guda a wurin aiki, suka je wurin hedimasta. Maganar da ta fita daga bakina tana ƙarama, kafin ta isa ofis ta yi ƙiba. Har an ce baƙuwa ce, ba ta san tarbiyyarmu ba.

Ranar Laraba ce, ana yayyafi, kwanon aji yana ɗiga a kusurwa. Hedimasta ya shigo da babana da wasu dattawa biyu. Malama ba ta ruɗe ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka tambaye ni. Tambayi yaran." Sai ta juyo ta dube ni, ni da ta san na fi kowa baki, ta ce in tashi. Ba ta san daga ina wutar ta taso ba. Ita a ganinta babban mashaidinta ta kira.

Hedimasta ya ce, "Yaro, me kuka koya a wannan zangon?"

Na dubi Baba. Na dubi hoton tsohuwa mai tabarau a bango. Amsa ta cika mini baki, da na buɗe shi da gaskiya da sai an gaji da ji. Na sunkuyar da kai na ce, "Labarin akuya."

Ya ce, "Sai me?"

Na ce, "Shi ke nan."

Yarinyar nan 'yar masu tukwane ta ɗaga hannu, amma ba wanda ya dube ta. Sauran yara sun ga manya sun ɗaure fuska, kowa ya yi tsit. Malama ta juyo gare ni. Dubana kawai ta yi, ba da fushi ba, kamar mai neman wani abu da ya faɗi a ƙasa. Hedimasta ya tattara littattafan huɗu ya sa a hammata. Aka ɓamɓare hoton. Labarin ya tsaya inda akuya ta faɗa rami, har yau ban san yadda ta fito ba. Da aka dawo hutu aka ce an mai da Malama wata makaranta wajen Iku, ta kuma tashi daga gidan da take haya. Muka koma hadda, na koma na ɗaya.

Kakata ba ta iya karatu ba, amma ta san komai. Wata rana da hantsi ina wucewa ta kira ni. Littafin yana kan cinyarta. Ta ce, "Wannan baƙin rubutun duk tatsuniya ce?" Na kau da kai. Ta ce, "Ba zan faɗa wa ubanka ba. Bakin da ya ɗaure, shi zai kwance. Zan ajiye maka, ranar da ka shirya ka zo ka karɓa." Ban je ba. Na yi ta cewa gobe, har Baba ya rasu yana ganin ya ceci karatun ɗansa, ita ma ta bi shi. Haddar da nake taƙama da ita kuwa ba ta kai ni ko'ina ba. A sakandare ta ƙare mini kamar ruwan tulu.

Abin da ya rage mini shi nake ci da shi. Duk ɗakin da aka kai ni in sa tayil, kafin in taɓa komai sai na auna tsawo da faɗi, in zana gida-gida a bayan kwali. Abokan aiki suna mamakin yadda ba na kuskuren ƙirga. Ban taɓa gaya musu garken akuya nake zanawa ba.

Bayan na tsinci littafin na shiga cigiyar Malama. Wadda na samu ita ce 'yar masu tukwane, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta zama babbar mace. Tana ganina ta ce, "A'a, sarkin hadda! Kai ne da furfura haka?" Muka yi dariya, sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Dariyar ta ɗauke. Ta ce ta taɓa haɗuwa da Malama shekarun baya, kafin Malama ta yi ritaya ta koma garinsu, ba ta kuma san ko tana raye ba. Ta ce, "Na tambaye ta ko tana yi wa yaran can labarin akuya. Ta ce tun daga kanmu ba ta sake ba. Abin da ke cikin manhaja take rubutawa a allo, su kwafa."

Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Da ina ganin mace ɗaya na zalunta. Ashe aji-aji na yara ne, shekara da shekaru, waɗanda ban san fuskarsu ba, na rufe wa littafi da kalma uku, "shi ke nan".

Yanzu Suleja ta cika ta batse. Filin da muka tsaya muka zana Zuma shaguna ne. 'Yata tana aji huɗu, jakarta ta fi ta nauyi, tana rera abin da ba ta san kansa ba, kamar ubanta. Ranar Asabar da ta wuce na zaunar da ita a tsakar gida, rana tsaka, na buɗe littafin, na sa ta tsinto tsinke muka ɗaura dami goma sha biyu. Uwarta ta leƙo daga kicin ta ce, "Tatsuniya da rana? Za ku ɓata a kasuwa." Na ce mata ni na riga na ɓata tun tuni, hanyar gida nake nema.

Hedimasta ya rasu, Baba ya rasu, amma tambayar tana nan, ni kuma har yanzu a tsaye nake a cikin ajin nan mai ɗiga. To ga amsa, ranka ya daɗe. Mun koyi lissafi. Mun koyi abin da ke nitsewa da abin da ke yawo. Mun koyi gabas da yamma. Mun koyi cewa mutum ne yake rubuta littafi. Malama, in wannan ya iso gare ki, ko ya iso ga wani naki, ki yafe mini. Duk abin da na sani mai amfani, ke kika koya mini.