Daminar da Yuriya Ta Ƙone Masarar Baba

Babana bai taɓa yarda wani ya sa masa yuriya a gona ba. Huɗa da shuka da noman fari duk yakan ɗauki 'yan ƙwadago, amma ranar farin takin nan mai kama da gishiri, shi kaɗai ke shiga gonarsa da ke ƙauyen Mamudo. Sai an yi ruwa ƙasa ta jiƙa, masara ta kai gwiwa. Ya soka sanda nesa da gindin kara kamar faɗin tafin hannu, ya zuba cikin murfin kwalba ɗaya, ya danne da diddige. Haka zai bi kunya bayan kunya har gonar ta ƙare.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma kimiyya nake koyarwa a sakandare, saboda haka nakan cika shi da surutu. In ce masa da iskar gas da iskar da muke shaƙa ake haɗa yuriya a masana'anta, in an bar ta a fili ƙarfinta ya bi iska, in ta taɓa saiwa ta ƙone ta. Yakan bar ni in gama tsaf, sannan ya ce, "Uwata, duk karatun nan don ki gano binne ta ake yi? Ai da kin tambaye ni." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata.

A daminar da nake magana, ni na sayo masa buhun a kasuwar Potiskum, na sa a keke aka kai masa. Ba a yi mako ba maƙwabcin gonarsa ya kira ni a waya, ya ce masarar Baba tana ƙonewa. Na je na gani da idona. Bakin ganye ya bushe ya naɗe, wasu karan ma sun kwanta, ga gonakin mutane kewaye da ita kore shar.

Ina da saurin fushi, ba na musu. Daga gonar shagon mai taki na nufa. "Alhaji, ba ka ji tsoron Allah ba? Gishiri ka haɗa ka sayar mini in kai wa tsoho!" Mutane suka taru. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, mutane da yawa sun ɗiba a lodin nan, ba wanda ya dawo. Koma ki duba inda aka binne."

Na koma ne don in ƙaryata shi. Takin ya narke, amma sawun diddigen Baba yana nan a ƙasa. Wani a jikin kara, sandar ta huda saiwa. Wani can cikin kwari inda babu shuka. Wani karan an sa masa sau biyu, na kusa da shi bai samu ba. Mutumin da ya shekara arba'in hannunsa bai kuskure ba. Na zauna a kan kunya.

A gida na sami Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe. Ban gama tambaya ba ta ajiye rariyar ta fara hawaye. "Tun azumi yake laluben bango in zai fita masallaci. Ya hana ni faɗa. Ya ce in kuka sani, za ku raba shi da gona."

Baba yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, gab da la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, sai a lokacin na lura kafaɗata yake kallo, ba fuskata ba. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki. Wata nawa ina zuwa gidan nan ina zuba masa kimiyya, ban ga idon ubana ba.

Na ce, "Baba, takin ne ba shi da kyau. Jabu aka sayar mini."

Ya ce, "An gaya mini abin da kika yi a kasuwa. Gobe ki je ki nemi gafarar bawan Allahn nan. Takinsa lafiya lau yake."

"Baba, baɗi sai in riƙa zuwa muna yi tare. Ni in soka, kai ka zuba."

"A'a. Ki gaya wa baffanki, baɗi ya noma ta."

Aka kira sallah. Ya miƙe, ya tsaya a tsakar gidan da ya gina da hannunsa, rana ba ta ko faɗi ba. Sai ya miƙo mini hannu.

"Uwata, kai ni zaure."