Barkar haihuwa a kangon Diffa

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu na kusa da Bosso, ni da maƙwabciyata, a bayan wata tsohuwar Toyota, zaune kan buhunan tattasai. Atishawa muka yi ta yi har Diffa. Hanyar rairayi ce, kogin Komadugu na hagunmu, in mota ta kafe maza su sauka su tura. A tasha na tarar bandar kifin da muke kyauta da ita a gida ta zama abincin masu hali.

Ƙanwata ce ta haihu. Tun shekarar da tsutsa ta cinye gonarsu suka koma birni, mijinta yana ga-ruwa. Na zaci gidan haya zan tarar. Sai aka nuna mini kango a bayan gari, ginin siminti ba rufi, na wani ma'aikaci da ke Yamai. Iyalai uku ne a ciki, duka 'yan wajenmu, kowa ya kafa zana a ɗaki guda. A tsakar gida ga ramin shadda a buɗe, yara na tsere a bakinsa. Ban iya cin tuwon da aka ba ni ba, idona na kansu.

Muna cikin hira bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofa. Wata mai daka ta ajiye taɓarya. Wani mutum ya shigo ba sallama, ya auna bango, ya leƙa ɗakin mai jego, sannan ya ce:

"Mai gida zai yi rufi. Kafin wata ya mutu ku nemi wuri."

Na juya wurin ƙanwata. Na ce, "Ki biyo ni gida, ke da jaririn."

Ta ce, "Yaya, mu koma mu ci me? Wannan ne kangonmu na uku. Akwai wani can gaba."

Washegari na kamo hanya da manyan 'ya'yanta biyu, iyakar abin da ta yarda ke nan. Mun iso lafiya, alhamdu lillahi. Da can in aka ce wane ya koma birni, murna nake taya danginsa. Yanzu tambaya nake fara yi: a ina yake kwana? Ita kuwa ƙanwata, har yau ban san amsar ba.