Bashir da Takalman Ƙofata

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Bashir, maƙwabcina a Taman Melati, inda muka yi karatun digiri na uku a Kuala Lumpur. Ƙato ne, tsohon ɗan kokawa daga Gumel, amma ƙwallon Amurka ce ta tafi da hankalinsa, wadda ake runguma a ruga da ita. A cikinta ma 'yan tsaron tsakiya yake so, waɗanda ake kira lainbaka.

Na sha yi masa tsiya cewa dambe ne kawai da hular kwano. Sai ya ture shayinsa a shagon mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, ya fara lacca. Wai da yawansu sun taɓa kokawa ko tsere tun suna makaranta, amma ba ƙarfi ne jarinsu ba, ido ne. Abokin hamayya zai yaudare ka da kai da kafaɗa, lainbaka kuwa ƙafa yake kallo. Da zai ga yaran yau suna tura wa juna bidiyon karo zalla, na san tsaki zai yi.

Da korona ta kulle gari, zazzaɓi ya kwantar da ni. Duk wanda ya kira ya gaishe ni, sai in ce lafiya lau, kamar yadda aka koya mana tun muna yara. Kowa ya yarda, ban da Bashir. A can a bakin ƙofa ake barin takalma, shi kuma ya lura nawa ba su motsa ba, ko zuwa kedai, wato kantin unguwa.

Ya buga ƙofa. "Malam Nura, buɗe lah," ya ce, da salon maganar mutanen garin.

"Lafiyata ƙalau, Bash. Kada ka shigo, cutar nan ce."

"Ƙalau ɗin ne ka ke haki haka? Buɗe, ko in ɓalle ta."

Goya ni ya yi har bakin motar asibiti. Ranar da aka cire mini iskar numfashi na ji an kwantar da shi. Ina gadon jinya aka binne shi, ban samu ko sallarsa ba.

Har yau ina kewarsa, kuma na daɗe ina jin nauyin haɗa ido da mahaifiyarsa. Da na dawo gida na je Gumel, na durƙusa gabanta. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Matso kusa, ɗana. Yi numfashi in ji."