Kamfanin bindiga mai rubutu da ajami

"Daga Babban Mudir, shugaban kamfani, zuwa ga Sale na unguwar Sultana: mun ji kukanka cewa ƙaramar bindigarmu tana cije maka. Ka shafa mata man shanu."

Haka Kawu Sale ya karanta wa abokansa a majalisa, can shekarun tamanin, yana hura hanci. Dama wata uku ke nan da ya rubuta wa kamfanin Turawan kukansa, suna masa tsiya, wai kamfanin ya raina shi, ko amsa babu.

Malam Isa ya karɓi takardar ya duba. "Ya Shehi, wallahi kamfaninka da ladabi. Turawa har da ajami?"

Kawu ya juyo a hankali ya kalle ni.

E, ni ne Mudir ɗin, Habu ɗan ƙanwarsa. Karatun allo kaɗai na yi, ban iya boko ba. Ku fa, wa rubutunsa ya taɓa tona masa asiri?