Tafin Hannu Ɗaya

A rumfar masu shan jiƙon saiwar nan da ake kira kava, a kasuwar garin Labasa, tsoho Sakiusa yana kallon wani baƙo a can bakin tabarma. Rigar soja ce a jikinsa, duk ta koɗe, an naɗe hannun hagunta an soke da allura, don babu hannu a ciki. Yana ta murza ɗan gicciyen wuyansa. Da gani irin yaran nan ne da ake kaiwa yaƙin wasu, su dawo ba mai tararsu a tasha.

Kowa ya san ba a karɓar ƙoƙon kava sai an yi tafi ɗaya. Mai zubawa ya miƙo wa baƙon ƙoƙo, sai kuma ya janye.

"Soja, ina tafin? Ko ladabin ma a can ka baro?"

Aka bushe da dariya, mutanen da ko farce ba su taɓa rasawa ba. Baƙon ya dubi hannunsa, ya fara laluben takalmansa.

Sakiusa ya matsa kusa da shi, ya shimfiɗa masa tafin hannunsa.

"Ɗana, buga nan."

Baƙon ya buga da dukan ƙarfinsa. Tafi ya tashi, ƙoƙo ya iso.